Rigar roba mai layukan haske: da wane yadi da wace fitila zan yi ta a gida?

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san ɗinki da waɗanda suka san aikin lantarki a cikinku. Ina da niyyar halartar taron Lagos Comic Con, inda masu sha'awar littattafan zane da finafinai ke haɗuwa a Legas, kuma ina so in je da shiga irin ta finafinan ƙagaggun labaran kimiyya, wato baƙar riga mai sheƙin roba wadda layukan shuɗin haske suka bi ƙirjinta da hannayenta da gefen ƙafafu. Ba ni da kuɗin sayo ta daga waje, saboda haka a nan Kano nake so a haɗa ta, da telan unguwarmu da kuma ni kaina.

Abin da ya tsayar da ni abu biyu ne. Na farko shi ne yadi, domin na zagaya Kantin Kwari an nuna mini wani mai kauri da ake kira sikuba, an kuma nuna mini wani mai fuskar leda yana ƙyalli, kuma kowane mai shago yana cewa nasa ne na roba. Na biyu shi ne hasken, domin na ga akwai siririyar waya mai haske da ake kira EL, akwai kuma zirin fitilun LED irin wanda ake zagaye silin da shi, ban san wanda zai jure motsin jiki ba, ban kuma san batirin da zai riƙe shi daga safe zuwa yamma ba. Bisa awon da na yi, layukan za su kai mita 4. Telan nawa da baƙin keken Butterfly yake aiki, kuma ya ce bai taɓa ɗinka roba ba. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Telar Fagge ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da yadin, tunda nan ne sana'ata. Abin da ake sayarwa da sunan sikuba babu roba a cikinsa ko kaɗan, saƙa ce mai fuska biyu ta zaren foliyesta da ɗan zare mai talewa, kuma an ba shi sunan ne saboda ya yi kama da kayan masu nutso a teku. Ainihin kayan nutson da niyofirin ake yin su, wato robar da kamfanin DuPont na Amurka ya samar a 1930, wadda ake manna mata yadi a fuska biyu, kuma aikinta shi ne ta tsare zafin jikin mutum a cikin ruwan sanyi. Wanda ya sa ta tun daga wuya har idon sawu a zauren taro a Legas, inda zafi da gumi suka haɗu, ba zai daɗe ba zai fara jin jiri, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Shi kuwa mai fuskar ledar, yadi ne mai talewa da aka shafe fuskarsa da siririyar roba, shi ne zai ba ka sheƙin da kake nema, amma iska ba ta ratsa shi, kuma idan ya daɗe a ajiye a wuri mai ɗumi da laima fuskar tana ɓarewa. Kafin ka biya, ka ja gefensa da ƙarfi ka gani ko fuskar ta yi fari ko ta tsattsage, domin idan ta yi haka tsohon kaya ne.

Shawarata ita ce a yi gangar rigar da sikuba, sannan a yi amfani da mai ledar a ƙirji da kafaɗu da gaban cinya kawai, a bar hammata da baya da bayan gwiwa da yadin da ke shan iska. Daga nesa mai kallo roba zai gani gaba ɗaya. Haka kuma ina ba ka shawara ka raba ta gida biyu, riga da wando, maimakon ɗinki guda mai zif a baya, saboda za ka yi alwala, za ka shiga bayi, kuma ba za ka so ka riƙa neman wanda zai zuge maka zif a duk lokacin da aka kira salla ba. Rabawar tana kuma ba ka damar sassauta yankan yadda ba zai ɗame jiki ya fitar da sura ba.

Batun keke kuwa, Butterfly miƙaƙƙen ɗinki kaɗai yake yi, kuma miƙaƙƙen ɗinki a kan yadi mai talewa yana tsinkewa da zarar an ɗaga hannu. Telanka ya nemi keken da ke yin zigzag, ko ya kai manyan haɗe-haɗen wajen masu wibin, sannan ya sa allurar yadi mai talewa, wadda bakinta ba shi da tsini sosai. Fuskar leda tana manne wa ƙafar da ke danne yadi, sai ɗinkin ya cukurkuɗe a wuri ɗaya. Maganin haka shi ne ƙafar Teflon, wato ƙafar keke mai santsi da leda ba ta manne mata, idan babu kuma a shimfiɗa siririyar takarda a kai a ɗinke da ita, daga baya a yage ta. Ya tsawaita takun ɗinkin zuwa milimita 3 ko 4, kuma kada ya kafa fil a fuskar ledar, sai dai ya kama gefen da ƙananan matsai, saboda duk hujin da allura ta yi a wannan yadi ya zauna ke nan, ba a warwarewa a sake. Dutsen guga ma kada ya taɓa fuskar.

Abu na ƙarshe, wanda a ganina ya fi duk sauran muhimmanci, shi ne yadin yana talewa amma waya ba ta talewa. Idan aka ɗinke ta a jikin rigar tana kwance a kan tebur, ranar da ka sa ta ka durƙusa, ko wayar ta tsinke ko ɗinkin ya fashe. Ka sa rigar a jikinka, a zana layukan da alli kana tsaye da kuma kana lanƙwashe, sannan a ɗinka musu siraran hanyoyi na farin yadi mai shara-shara waɗanda za a zura hasken a ciki, a kuma zare shi idan za a wanke.

Mai Gyaran Rediyo ya amsa:

Hajiya ta gama magana a kan yadi, ni zan ɗora a kan wutar. Malam, waɗannan abubuwa biyu da ka ambata ba hanyarsu ɗaya ba. Wayar EL jan ƙarfe ce a tsakiya da aka lulluɓe da sinadarin fosfo, aka naɗe ta da wasu wayoyi biyu masu sirantar gashi, aka rufe da roba mai launi. Ba ta kamawa da batir kai tsaye, sai an bi ta wata ƙaramar inbata da ke ɗaga wutar batir zuwa wajen bolt 100 mai kai-da-komo. Inbata mai cin batirin AA guda 2 tana ɗaukar mita 2 zuwa 3 ne, saboda haka mita 4 ɗinka na buƙatar guda 2, ɗaya ta riga ɗaya ta wando, wanda ya yi daidai da rabawar da Hajiya ta faɗa. Kyawunta shi ne haskenta layi ne sumul babu ɗige-ɗige, ba ta zafi, ba ta da nauyi, kuma ba ta cin batir sosai. Aibinta kuwa uku ne. Inbatar tana wani siririn kuka da kunne ke ji, saboda haka kada ka ɗaura ta kusa da wuya. Idan bakin wayar ya kasance a buɗe ya haɗu da gumi za ka ji ta fizge ka, ba fizgar da ke kisa ba, amma mai ban haushi, don haka a toshe kowane baki da gam da bututun roba mai tsukewa da zafi. Na uku kuma, wanda ya fi shafarka, haskenta raunanne ne, a cikin zaure mai fitilu ko a waje da rana da ƙyar za a lura tana kunne. Kada kuma a kunna inbata babu waya a jikinta, domin tana iya ƙonewa.

Saboda taron da rana ake yinsa, ni LED zan zaɓa maka, amma ba na silin mai bolt 12 ba, sai mai bolt 5 wanda fawabank ke iya kunnawa, irin su WS2812B. A nan sai an yi lissafi. Kowane ƙwai a cikinsa yana jan kusan miliamfiya 60 idan aka kunna shi fari ƙal, kuma zirin da aka fi samu yana da ƙwai 60 a kowace mita, ke nan mita 4 ƙwai 240 ne, wato sama da amfiya 14, alhali ramin USB na yawancin fawabank bai wuce amfiya 2 da ɗoriya ba. Abin da ya cece ka shi ne shuɗi kaɗai kake so, wanda ke jan kashi ɗaya cikin uku na wancan, kuma idan ka rage ƙarfin hasken zuwa rubu'i za ka sauko wajen amfiya 1.5. Fawabank da aka rubuta wa 10,000mAh a jiki, wato yawan cajin da yake ɗauka, abin da yake bayarwa a bolt 5 bai fi 6,000 zuwa 6,500 ba idan na kirki ne, saboda haka ka sa rai da kamar awa 4, ka tafi da na biyu a jaka. Wannan zirin ba ya kamawa da kansa sai da ɗan allon sarrafawa, ko Arduino ko ƙaramar na'urar da ake sayarwa tare da shi mai maɓallan sauya launi.

Zirin LED yana lanƙwasuwa gaba da baya amma ba ya lanƙwasuwa gefe, kuma a gwiwa da gwiwar hannu yake karyewa. Ka yanke shi a inda aka yi alamar yanka, ka tsallake kowace gaɓa da wayoyi masu laushi da aka like da dalma, ka bar musu ɗan sako-sako. Fawabank kuma ya zauna a aljihun waje inda iska ke kaiwa, ba tsakanin roba da fata ba.

Ɗalibar Zane ta amsa:

Ina neman afuwar Malam, amma ban yarda a yi watsi da EL da sauri haka ba. Zirin LED tsirararsa ɗige-ɗige yake nunawa, kuma kafin ɗigon ya narke ya zama layi sai an ɗora masa farin abu mai ɗan kauri tare da tazara tsakaninsa da ƙwan, abin da ke sa layin ya taso daga jikin rigar kamar kaurin yatsa. A kan sulken ƙirji da aka yanka daga robar EVA, wadda masu takalma ke saye a Ƙofar Wambai, wannan ba matsala ba ce domin ana iya sassaƙa masa rami ya nutse. A hannu da ƙafa kuwa yana ɓata zubin rigar.

Ya kamata kuma mai tambaya ya san cewa hasken da yake gani a finafinai ba duka ne na gaske ba. A fim ɗin Tron na 1982 babu fitila ko ɗaya a jikin 'yan wasan. Fararen kaya masu baƙaƙen layuka suka sa, aka ɗauke su a hoto baƙi da fari, sannan aka sanya hasken a kan hotunan ɗaya bayan ɗaya. Sai a ci gabansa na 2010 ne aka yi rigunan da ke haske da kansu, kuma da fasahar EL mai faɗi aka yi su, aka ɗauke su a wurare masu duhu da aka tsara domin haka. Idan hoto da bidiyo ne babban burinsa, akwai hanya mai arha ƙwarai, wato farin tef mai mayar da haske irin na rigunan ma'aikatan hanya. Ba ya buƙatar batir, ana ɗinka shi kamar kowane yadi, kuma da filashin waya ya faɗa masa sai ya haska fiye da EL. Ni da zan yi, sai in sa LED a ƙirji cikin EVA, in bi hannu da ƙafa da tef ɗin, in kwantar da wayar EL a tsakiyarsa domin dare.

Ɗan Gwammaja ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na yanke shawarar bin haɗin da 'yar'uwa ta kawo, tunda hakan zai rage LED ɗin zuwa ƙasa da mita 1, fawabank ɗaya ya wadatar. Hajiya, saura tambaya ɗaya: da me zan manna sulken EVA a jikin rigar, kuma gam ɗin kyandir zai riƙe?

Telar Fagge ta amsa:

Gam ɗin kyandir ba ya kama fuskar leda, kuma yana saki idan ya ji zafin rana ko na cikin mota. Wajen haɗa EVA da EVA ka yi amfani da gam ɗin masu takalma, ka shafa a fuska biyu, ka jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan ka haɗa ka danne, kuma ka yi aikin a tsakar gida saboda warinsa yana hawa kai, nesa da murhu domin yana kama wuta. Amma kada ka manna sulken a jikin rigar. Ka nemi Velcro, wato tef mai ɓangare biyu da ke kama juna irin na maɗaurin takalmi, ka ɗinka ɓangaren mai laushi a kan rigar, ka manna mai kaushin a bayan sulken, ta yadda idan ka isa masauki za ka ɓalle shi da fitilunsa, ka juya rigar ka wanke ta da hannu a ruwan sanyi, ka shanya a inuwa. Wajen tafiya kuma ka naɗe ta da tsohon zani a tsakanin fuskokin ledar, domin idan suka haɗu da juna a cikin jaka mai zafi tun daga Kano har Legas suna iya mannewa.