Lokoja: wuni ɗaya zai isa a ga wuraren tarihi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara da shekaru ina wucewa ta Lokoja a mota, ban taɓa sauka ba sai dai in leƙa ruwa daga kan gada, to wannan karon na ƙudurta zan tsaya ni da yarana biyu. Don Allah wanda ya san garin ya ba ni haske, me da me za mu gani, kuma wuni ɗaya zai ishe mu?

Matafiyi:
Wa alaikumus salam. Zai isa in kun yi sammako. Ku fara da dutsen Patti tun rana ba ta take ba, don zafin Lokoja ba wasa. Daga can sama za ku hango inda kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu, wallahi na fi minti ashirin a tsaye ina kallon kwale-kwale ƙanana kamar tsinke a kan ruwan. Gidan hutun Lugard, gwamnan Turawa na farko a Arewa, ma na nan, ɗan ƙarami ne. In kun sauko sai makarantar Holy Trinity ta 1865, firamare ta farko a Arewa.

Dattijo:
Malam duk abin da za ka bari kada ka bar unguwar Kabawa, can kaburburan sarakunanmu da Turawa suka tuɓe suke. Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903, a garin nan ya rasu a 1926, haka Kwasau da Aliyu Ɗan Sidi na Zazzau duk can suka cika. Ni da na tsaya a wurin jikina ya yi sanyi, mutum ya mulki ƙasa guda amma ya ƙare nesa da danginsa, kuma gaskiya kulawar da ake ba wurin ba ta kai darajarsu ba. Ka kai yaran su yi musu addu'a.

Malamar tarihi:
Ƙarin bayani yayana, za a ce maka a kan Patti 'yar jaridar Ingila Flora Shaw ta raɗa wa Najeriya suna. Abin da ke rubuce shi ne a jaridar Times ta Landan ta kawo sunan a 1897, tun kafin ta auri Lugard a 1902. Ka nemi a nuna maka inda aka sauke tutar kamfanin Royal Niger, kamfanin kasuwancin Turawa da ke riƙe da yankin a lokacin, ranar 1 ga Janairun 1900, daga nan mulkin Ingila ya soma a Arewa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Baba Dattijo, Kabawan sai mun nemi izini wajen mai unguwa ko kai tsaye ake shiga?