Neman shawara: daɓen ifoksi zai jure gidan yara da daminar Legas?

Maman Khalifa, Ikorodu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi ko suka san aikin. Allah ya nufa mun kusa kammala ɗan gininmu a Ikorodu, an yi rufi an yi filasta, saura ƙasa. Maigidan ya ga irin daɓen nan da ake zubawa kamar ruwa ya daskare, mai sheƙi, babu layi ko ɗaya, wanda suke kira ifoksi, shi ke nan ya ƙwallafa rai a kansa. So yake a yi shi a falo da koridor, har da kicin. Ni kuwa tayil na sani, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Yarana huɗu, duk masu ƙiriniya, ga Hajiya mahaifiyarsa za ta dawo wajenmu da zama, kuma ƙafarta ba ta da ƙarfi sosai. Gidan na ƙasa ne, ba bene ba, kuma da damina ruwa yana kwanciya a layinmu. Kankaren ƙasan sati biyu ke nan da zuba shi, amma mai aikin ya ce a ba shi kuɗi ya fara sati mai zuwa. Shin abin nan yana da ƙarko? Da me ake wanke shi? Ina tsoron mu zuba kuɗi mu dawo muna da-na-sani.

Maman 'Yan Biyu, Agege:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya sa ku shiga a sa'a. Ni ina da shi a falona, amma a sama muke, hawa na biyu. Wajen tsafta dai ban ga kamarsa ba. Kin san baƙin dattin nan da ke maƙalewa tsakanin tayil da tayil, wanda sai kin durƙusa da buroshi? To nan babu shi. Yaro ya zubar da koko, ki sa tsumma ki goge, magana ta ƙare.

Abin da ya fi ba ni wahala yashi ne. Yashin da ake kwasowa a takalmi shi ke cin sheƙin a hankali. Daga bakin ƙofa zuwa kujerar farko wajen ya dusashe, idan hasken taga ya bugo sai ki ga ƙananan zane rututu, alhali ƙarƙashin tebur yana nan fes kamar jiya aka zuba. Yanzu na sa abin goge ƙafa a waje da ciki, kuma takalmi ba ya wuce ƙofa. Ki yi shara kafin ki sa mofa, don idan kika jiƙa yashi kika ja shi, ke da kanki kike karce ƙasan.

Malam Injiniya, Mile 12:
Hajiya, kafin a kai ga maganar wanki, ki roƙi maigida ya dakatar da mai aikin nan. Kankare sabo yana buƙatar aƙalla kwana 28 kafin a ɗora masa ifoksi, a damina ma yakan wuce haka, domin ruwan da ke cikinsa bai gama fita ba. Mutumin da ya ce zai fara a sati na uku, ko bai san aikin ba ko sauri yake ya karɓi kuɗi.

Ifoksi ruwa biyu ne ake haɗawa, ɗaya shi ne jikin, ɗaya kuma mai daskarar da shi. Idan suka kama, ruwa ba ya ratsa su daga sama, kuma danshi ba ya samun hanyar fita daga ƙasa. A nan matsalar Legas take. Ruwan ƙasa a kusa yake a unguwanni da yawa, musamman wajen Lekki da Ajah da duk inda aka cike fadama aka yi gini. Tayil yana barin danshi ya ɗan fita ta layukansa. Ifoksi kuwa toshewa yake yi, sai danshin ya taru a ƙarƙashinsa ya turo shi sama, ya yi bororo, daga baya ya fashe ya riƙa ɗayewa.

Abu biyu za ku bincika. Na farko, ku tambayi magini ko an shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankaren, irin wadda ake sawa don tare danshi. Na biyu, bayan kwanakin sun cika, ku yanko farar leda kamar santimita 45 kowane gefe, ku shimfiɗa a ƙasa, ku liƙe gefunanta huɗu da salatif ta yadda iska ba za ta shiga ba, ku bar ta kwana guda. Ku yi a wurare uku ko huɗu, har da gindin bango da kusa da banɗaki. Da safe ku ɗaga. Idan kuka ga raɓa a jikin ledar, ko simintin ya yi duhu a wajen, ƙasan bai shirya ba. Ko ledar ta fito a bushe, ma'aikacin kirki zai zo da na'urar auna danshi, kuma yawancin masu haɗa kayan suna so ya kasance ƙasa da kashi 4 cikin 100.

Sannan ku lura ko ya zo da injin gurza ƙasa. Dole a gurje fuskar simintin a zuƙe ƙurar tas, a shafa shafin farko, sannan a zuba. Wanda ya share da tsintsiya kawai ya hau zubawa, aikinsa ba zai yi nisa ba. Kuma ku tambaye shi kauri. Na zubawa na gaske milimita 2 zuwa 3 ne. Akwai wanda ake shafawa da rola kamar fenti, bai kai milimita 1 ba, ranar farko duk sheƙinsu ɗaya a ido.

Baban Sadiya, Ajah:
Ni dai shawarata ku sa tayil ku huta. Abin da Injiniya ya faɗa shi ya same ni. Wani kamfani ne suka yi mini, da farko kowa ya shigo sai ya yaba. Daminar farko, wajen watan Yuni da ruwa ya kankama, sai ga kumburi a gindin bangon falo. Na sa yatsa na danna ɗaya, ruwa ya fito. Na kira su suka ce laifin ginin ne, ba nasu ba, alhali ba su auna komai ba kafin su fara. Facin da aka yi kuma har yau ana ganinsa, launin bai zo ɗaya ba. Tayil idan guda ya fashe, ka je kasuwar kayan gini ta Orile ka nemo irinsa a sa maka. Wannan kuwa gyaransa sai an bi falon gaba ɗaya. Har yanzu abin yana min ciwo.

Maman Khalifa, Ikorodu:
Subhanallahi, Allah ya mayar maka da alheri Baban Sadiya. Na gode ƙwarai Injiniya. Na nuna wa maigidan, ya kira maginin, ya ce an sa ledar, har da hoton ranar da aka zuba. Ya kuma yarda a dakata. Saura maganar Hajiya, da kuma turaren wuta, don ni kullum sai na kunna.

Hajiya Babba, Obalende:
'Yata, maganar Hajiyarku ita ce ta sa na tsoma baki. Ɗana ya yi irinsa a gidansa, kuma na sha zama a can. Idan a bushe yake babu komai, amma da zarar ruwa ya taɓa shi santsi gare shi ƙwarai. Mu kuwa gidan salla ne, sau biyar za a fito daga alwala da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Tsoho idan ya faɗi ya karya ƙugu, ba kowa ke sake miƙewa ba. Kada ki bari a yi mata mai sulɓi daga ɗakinta zuwa banɗaki, ko da maigida zai ji ba daɗi. Ki lallaɓa shi, uwarsa ce, zai gane.

Kasko kuma kada ki dire shi a ƙasa kai tsaye. Ki samu ɓallin tayil ko faranti mai kauri ki ɗora. Garwashi ɗaya ya faɗo zai bar tabo, kuma ba ya gogewa.

Mai Fenti, Alaba Rago:
Gaskiya Hajiya Babba ta faɗa, amma santsin yana da magani. Akwai yashi mai laushi na musamman da muke barbaɗawa a shafin ƙarshe, yana sa ƙasan ya riƙe ƙafa. Sheƙin zai ragu, mofa ma za ta ɗan yi nauyin ja, amma a koridor da kicin shi nake ba mutane shawara.

Anti, ki sa ido a kan launi. Ifoksi zalla ba ya shiri da hasken rana. Inda rana ke shigowa ta taga ko ƙofar gilas, fari yakan koma ruwan ɗorawa a hankali. Ku ce a rufe muku da shafin da ake kira PU, irin wanda rana ba ta canja masa launi, ya kuma fi jure karce. Mai ɗan zane-zane ko ruwan toka ya fi ɓoye tabo a kan fari sol ko baƙi wuluk. Idan saman ya gaji bayan shekaru, gurzawa ake yi sama-sama a sake shafin ƙarshe, ba sai an fasa ba.

Lokacin aiki ma yana da muhimmanci. Idan laimar iska ta haura kashi 85 cikin 100, fuskar takan fito da hazo ko danƙo, kuma safiyar damina a Legas tana kaiwa nan. Daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi kwanciyar hankali. Bayan an zuba, awa 24 kafin a taka, kwana 7 kafin a shigo da kujeru ko a sa masa ruwa. Ranar aikin kada yara da Hajiya su kasance a gidan, a buɗe tagogi saboda wari.

Wanki kuwa ruwa da ɗan sabulun ruwa ya isa, sannan a bi da ruwa zalla, don sabulu idan ya yi yawa yana barin dusu-dusu. Ban da soson ƙarfe, ban da hodar goge tukunya, ban da asid ɗin da ake wanke tayil da shi. Hypo ma kada ya zama na kullum. A liƙa wa ƙafafun kujeru ɗan ƙyalle mai kauri, tukunyar gas kuma ɗagawa ake yi, ba ja ba.

Amarya, Idi-Araba:
Ni abin da zan ƙara, lalle da kurkum. Manja idan kika goge da wuri yana fita, amma lalle ya ɗiga ya kwana, sai dai haƙuri. Ranar ƙunshi ki shimfiɗa leda. Daka kuma a fitar da turmi tsakar gida.

Maman Khalifa, Ikorodu:
Allah ya saka wa kowa da alheri, wallahi na ƙaru. Mun zauna da maigidan jiya da daddare. Kicin da ɓangaren Hajiya tayil mara santsi za a sa. Falo kuma za mu bari sai ruwa ya ɗauke, a yi gwajin ledar, idan ƙasan ya bushe a yi ruwan toka da shafin PU ɗin. Injiniya, akwai wata 'yar tsaga siririya da na gani a simintin kusa da ƙofar falo, ita ma matsala ce?

Malam Injiniya, Mile 12:
Ki sa mata alama da biro a ƙarshenta biyu, Hajiya, ki rubuta kwanan wata a gefe. Idan lokacin aikin ya zo ba ta wuce alamar ba, za a buɗe ta kaɗan a cike kafin a zuba. Idan kuwa tana ƙaruwa, ƙasan ne ke motsi, kuma duk abin da aka zuba a kai zai tsage a daidai wajen. Sai a kira magini ya duba tukuna.