Labarin agola da aljanun kuka ranar Sallah: yaya za a ƙare shi?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Ana shirya ɗan littafi mai hotuna na hutun Ƙaramar Sallah don yara 'yan shekara 6 zuwa 9. Jarumar agola ce. An yi wa yaran gidan anko, ita kaɗai ɗinkinta ya fita daban. Ta gudu bayan gari, ta faɗa kogon kuka, ta tarar da aljanu su ma suna yawon Sallah. Shafi nawa ya dace, kuma yaya za a dawo da ita gida ba tare da labarin ya koma wa'azi ba?

Malamin Firamare: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ki tsaya a shafi 32, domin maɗaba'a tana naɗe takarda ne takwas-takwas ko sha shida-sha shida. In kika yi 30, kin biya kuɗin farin shafi a banza. Bayan shafin suna da na bayanin bugu, buɗi kusan 14 zai rage miki, wato shafi bibbiyu masu fuskantar juna. Kalmomi 600 zuwa 900 sun wadatar. Ta shiga kogon kafin buɗi na huɗu, in ba haka ba yara za su fara mutsu-mutsu. Kuma kada ki rubuta cewa ta ji ita bare ce. A cikin labarin, mai ɗaukar hoto ya ce "'yan gida su matso", ita kuma ta rasa ko ta matsa ko ta tsaya. Wannan ya isa.

Inna Mai Tatsuniya: 'Yata, ƙarshen ne wurin tuntuɓe. Yawanci sai a sa baren ya ceci ɗan gida daga hannun Dodo, sannan a rungume shi. Yaron da ke zaman riƙo ya ji wannan, abin da zai ɗauka shi ne sai ya biya kafin a so shi. Ki juya abin: wani a gidan ya lura babu ita tun ba ta yi bajintar komai ba. A zo rabon goron Sallah, ƙaramin ƙanenta ya damƙe kason mutum biyu, ya ƙi saki, ya bi sawunta. A can ma kada aljanun su naɗa ta sarauniya, sai dai su riƙa leƙen ƙafarta suna mamakin babu kofato. Ka'idar sihirin ɗaya tak: kogon yana rufewa da kiran magariba. Mijin uwar kuma kada ya zama mugu, mai mantuwa dai, don a irin gidajen nan za a karanta littafin.

Mai Zane: Ni aljanun ne ban natsu da su ba, Inna. Wasu iyayen ba za su saya ba, ɗan shekara 6 kuma da hoton yake kwana. In dole ne, a ba su ƙunshi da sababbin huluna, ban da jajayen idanu da haƙora. Ko a mayar da su Gizo da Ƙoƙi, yara sun riga sun san su.