Harka, kayan maye da maganinmu na kullum: kowa ya faɗi yadda ta kaya da shi

Babban Yaya:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Kar kowa ya sa sunansa na gaskiya ko unguwarsu, kun san Kano, kun san dokar 2014 da ta haramta auren jinsi, kun san Hisbah. Shekara 7 ke nan ina shan maganin HIV. Makon jiya wani yaro da nake ɗauka kamar ƙanena ya kawo min sakamakon gwajin jininsa, cutar ta taso bayan ta daɗe a kwance. Da na matsa masa sai ya ce yanzu ba ya iya haɗuwa da namiji sai ya sha wani abu, kuma duk ranar da ya sha, magani ya wuce shi. Na san ba shi kaɗai ba ne. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba mu labari.

Tela:
Yaya, kamar da ni kake. An gaya min sakamakona a 2019, daga nan na ji na tsani jikina. In na keɓe da mutum sai gabana ya riƙa faɗuwa, ina tunanin ko zan shafa masa, ko zai gane ya tona min asiri. Wani ya ba ni tiramadol, wai yana sa a daɗe kuma yana cire fargaba. Ba zan yi ƙarya ba, da farko ya cire. Amma kafin shekara ta zagayo ko ɗinki ba na iya yi sai da shi. In na kwana a waje ba na tafiya da robar TLD, maganina na HIV, don kar a gani a aljihuna, sai a yi kwana uku ban sha ba. Ran nan na yanke jiki na faɗi a shago ina karkarwa, mutane suka ce iska ce, aka yi ta tofi. Likita ne ya ce min yawan tiramadol yana kawo farfaɗiya. Wata nas da ke ba mu magani na fara gaya wa gaskiya. Ban yi mata maganar harkata da maza ba, shaye-shayen kawai na faɗa, kuma wallahi ko fuska ba ta canza ba. A hankali aka riƙa rage min, domin yankewa lokaci ɗaya yana kayar da mutum. Wata 14 ke nan rabona da shi.

Ɗan Sahu:
Ni kodin ne da rochi, ƙwayar nan mai sa barci. Da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 tsada kawai ya ƙara. Wani da muka haɗu a intanet ya haɗa min a lemo, na farka washegari ba waya, ba kuɗi, ban san me aka yi da ni ba. Bayan kwana biyu aka turo hotona ana neman kuɗi. Wa zan kai wa ƙara? Daga baya na ji cewa su biyun nan duk rage numfashi suke yi, akwai wanda ke yin barcin bai tashi ba. Yanzu ba na karɓar abin sha a buɗe a hannun kowa.

Na Layi Biyu:
Sakacin da na yi lokacin da nake shan ais, kayan mayen nan mai kama da ƙanƙara, shi ne ya mayar da ni kan magani na layi na biyu, wato wanda ake komawa kansa in na farko ya daina aiki. Ais yana hana barci da cin abinci kwana biyu, daga nan baƙin ciki ya sauko kamar a yi kuka, ranaku su rikice maka. Ga abin da aka faɗa min a asibiti: maganina yana da ritonabir, shi kuma yana hana hanta saurin fitar da wasu ƙwayoyi, har da ais da maganin ƙarfin maza, sai su taru a jini fiye da kima. Haka kuma ruwan nan na ƙaramar kwalba da ake shaƙa, in ya haɗu da maganin ƙarfin maza jini yana iya faɗuwa nan take. Tela, da an gaya maka tun farko cewa wanda gwajin yawan ƙwayar cutar a jininsa ya tsaya ƙasa da 200 ba ya shafa wa kowa ta saduwa, da ba ka nemi abin cire fargaba ba.

Shiru:
Ni har yanzu ina ciki. Ina salla, ina kuka, ina komawa. A gida an matsa min da maganar aure. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Babban Yaya:
Shiru, ƙanena, mun ji ka, kuma ba wanda zai zage ka a nan. Ko ka sha wani abu, kar ka bar maganinka, da ka tuna ka sha. Ƙulle ƙwaya ɗaya a takarda ka sa a aljihu kafin ka fita. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau, kuma zuwa wurinsu ba hauka ba ne. Yaushe ne ranar karɓar maganinka? In kana so zan raka ka, in jira ka a bakin ƙofa.