Idan ciki bai lafa ba bayan barin alkama

Siliyak cuta ce da jiki ba ya jure gulutin, wani sinadari da ke cikin alkama. Masu fama da ita da suka tattauna kan cikin da bai lafa ba bayan barin alkama sun fi jaddada abu guda: kafin a zargi wani abinci, a tabbatar gulutin ba ya shigowa ta tukunya ko cokali. Daga nan madara ce abin zargi na farko, domin cutar tana lalata bangon ƙaramin hanji, inda ake samar da sinadarin narkar da sukarin madara. Abin daɗin shi ne, wannan yakan wuce idan hanjin ya warke. A riƙa rubuta abin da aka ci, a cire abinci ɗaya tak na makonni 2 zuwa 4, sannan a dawo da shi a gani. Albasa da wake ma sukan dami wasu.