Wai da gaske na'urar maganadisu tana maganin kumburin hanji?

Ummu_Haidar:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani a taimaka min. Ƙanina ne ke fama da cutar Crohn, wato ciwon kumburin hanji, in ta motso masa zawo ne da jini da murɗawar ciki, ya rame sosai wallahi har wandonsa sai ya ɗaure da igiya. Yana shan azathioprine, in abin ya tsananta a ƙara masa prednisolone, shi kuma ya gaji da ƙwayoyin nan. To jiya ya turo min bidiyon wata katifa da ake jona wa lantarki, wai tana fitar da ƙarfin maganadisu mai shiga jiki ya kashe kumburin, har yana cewa in ya samu zai ajiye maganin. Akwai gaskiya a ciki ko dai talla ce kawai?

Abu_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya Hajiya. Abin yana da tushe amma ba kamar yadda masu tallan ke zuzutawa ba. Irin wannan na'urar ana ce mata PEMF, wato maganadisun lantarki da ake saki bugu-bugu, kuma hukumar FDA ta Amurka ta amince da ita tun 1979, amma fa don karayar ƙashin da ta ƙi haɗewa ne, ba don hanji ba. Maganar hanji yawancin abin da aka gwada a jikin ɓeraye ne da ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji, ana duba ko zai rage sinadaran da ke hura kumburi irin su TNF. Ɓera kuwa cikinsa ɗan mitsitsi ne, kuma da gangan ake sa masa ciwon da wani sinadari, shi ko mutum garkuwar jikinsa ce da kanta ta juya tana yaƙar hanjinsa shekara da shekaru, ai kin ga da nisa tsakaninsu.

Nas_Maryam:
'Yar uwa abu ɗaya nake roƙonki, kar ki bari ya ajiye maganinsa, musamman prednisolone ɗin nan ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali likita ke rage shi don in an daɗe ana sha jiki ya kan rage yin nasa sinadarin mai aiki irin na maganin, a tsayar kwatsam mutum na iya faɗuwa. Ita Crohn kuma tana da wani mugun hali, mutum zai ji sauƙi alhali ciki tana ci gaba da ɓarna, hanji ya tsuke ko ya huda hanya zuwa wani wuri, ƙarshe sai tiyata. Kuma dama ciwo ne mai tashi ya kwanta da kansa, shi ya sa duk wanda ya hau katifa daidai lokacin da ciwon zai lafa sai ya rantse ita ce ta warkar da shi.

Ummu_Haidar:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To kenan babu wani binciken da aka yi a kan mutane?

Abu_Sadiq:
Akwai wanda ya fi kusa, amma shi lantarki ne kai tsaye, ba katifa ba. Akwai jijiya mai suna vagus da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta wuya har cikin ciki, wani likitan Amurka Kevin Tracey ya nuna in an motsa ta tana sa jiki ya rage fitar da TNF. Daga nan Bruno Bonaz a Grenoble ta Faransa ya dasa wa masu Crohn 'yar na'ura mai motsa jijiyar, a rahotonsa na 2016 mutum 7 ne, 5 ciwon ya lafa musu bayan wata 6, 2 kuma ya ƙaru aka cire su daga binciken. Ni kam abin ya ba ni ƙwarin gwiwa sosai, sai dai mutum 7 sun yi kaɗan, kuma babu rukunin da aka sa wa na'urar bogi a kwatanta.

Nas_Maryam:
In magungunan ne suka gaza masa ku koma wajen likitan hanji ku tambayi allurai irin su infliximab, an fara ba masu Crohn ita tun 1998, sai dai a gwada shi tarin fuka kafin a fara. In kuma ya nace sai ya gwada katifar, ya faɗa wa likitan, a yi gwajin calprotectin a bayan gida kafin da kuma bayan, shi zai nuna ko kumburin ya ragu da gaske. Mai batirin zuciya a ƙirji kuwa ko kusa da ita kar ya je.