Abin da aka tattauna kan saɓanin masu Peugeot da masu Toyota

Jama'a, ga abin da na tattara:

1. Kusan kowa ya yarda masoya Peugeot 504 suna da hujja. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna, kuma a cikin motar da yawanmu muka tashi. A daina yi musu gori.
2. Masu Toyota sun tsaya kan sauƙin samun kayan gyara.
3. A nan aka rabu. Wasu na son kowane ɓangare ya kafa ƙungiyarsa, dattawa suka ce a'a. Ni ina bayan dattawa, domin in masu Peugeot suka tafi, wa zai koya wa matasa gyaran kafireta?
4. Mai zagi, a ja masa kunne sau ɗaya, in ya sake a sallame shi, ko da shugaba ne.
5. Dillalai su rage talla.